Simintin da Ka Shafa wa Soron Gidan Tudu

Zuwa ga yayana, Alhaji Tijjani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi da tsadar hatsi. Wannan kuwa ba sai na ba ka labari ba, tunda ka ratsa ta tsakiyar kasuwarmu, ko da yake an ce gilashin motar a rufe yake.

Ni ce Hajara, idan sunan ya kwanta maka.

Na so in rubuto maka a asirce, amma lambar wayarka da nake da ita ta daɗe da mutuwa, gidanka na Legas kuma ban san ko launin ƙofarsa ba. Tunda a shafinka ka zaɓi ka yi magana a kan mahaifinmu, a gaban duk wanda ke da waya, to ni ma a nan zan ba ka amsa. Masu karantawa su yi haƙuri. Maganar gida ce ta fito waje, kuma ba ni na fara fito da ita ba.

Ranar Talata autata Rabi ta miƙo mini waya ta nuna mini hotunanka. Ashe makon jiya kana garin nan. Ka zo da 'ya'yanka da abokanka, mota biyu, kun zagaya tsofaffin gidajen sarautar da ke kwarin rafinmu, kun sha hoto, kun juya. Daga Gidan Rafi zuwa ƙofar gidana, ko ruwan shayi ba zai tafasa ba ka iso. Mai rake na bakin tasha ya gane ka, ya ce tafiyar Baba ce sak, har ya ɗaga maka hannu. Ka ziyarci bango uku da suka zube, ba ka leƙa ƙanwarka da ke tsaye ba.

Wannan na haɗiye shi. Na saba, shekarun da ka yi ba ka tako gidana ba sun fi shekarun Rabi yawa. Abin da ka rubuta a ƙarƙashin hotunan ne ya hana ni cin tuwo. Bari in bi ka yadda ka bi hanyar, wuri bayan wuri, tunda yawon buɗe ido kake so.

Ka fara da Ƙofar Yamma, guntun ganuwar da ya rage mana. Ka tsaya a gindinta da babbar riga, ka dafa ta, ka rubuta cewa tun kana yaro zuciyarka take maƙale da wurin. Yaya, ka ji tsoron Allah. Duk bazara, kafin ruwan farko, Baba yakan zagaya wuraren nan uku, domin shi ne Sarkin Maginan garinmu, kula da su a wuyansa take. Ni ce ke biye da shi da ƙwaryar fura a ka. Kai kana inuwar tsamiya da littafi, kana toshe hanci wai ƙasar da aka kwaɓa da kashin jaki tana wari. Ban ga laifinka ba a lokacin, karatu aka sa ka. Amma kada ka zo da furfura ka ce zuciyarka a maƙale take.

Ka manta yadda yake yi? Yakan ƙwanƙwasa bango da bayan hannu, ya kara kunne, ya matsa gaba ya sake. Daga ƙarar yake gane inda gara ta shiga da inda ruwa ya kwanta. Sai ya hau rufi ya share indararo, hanyar da ruwan sama ke bi ya zuba ƙasa, ya cike duk wata tsaga. Yakan ce, “Ginin ƙasa yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi. Aikin magini kawai ya bar masa hanya.” Ya faɗa a gabanka ya fi a ƙirga.

Daga nan kuka gangara Gidan Rafi, inda sarakunan zamanin da sukan yada zango kafin su ƙetare ruwa. Ka ɗauki hoton daɓen zauren yana sheƙi, ka rubuta wai wa ya san hannun da ya yi wannan aiki. Ni na sani. Hannun Inna ne, da nawa, da na matan unguwarmu. Mu muka jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwansa ya yi ja ya zama makuba, muka yayyafa, muka durƙusa da madaɓi muna duka muna waƙa kwana huɗu, har tafin hannuna ya fashe. Da ka tako gidana, da na nuna wa 'ya'yanka hannun, su ɗauki hotonsa kyauta.

Sai wuri na uku, Gidan Tudu, tsohon gidan hakimi. Ka tsaya a kan tulin ƙasar da a da shi ne babban soro, wanda ake hango ƙahonninsa tun daga hanyar Tofa. Ka sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. A ƙasa ka rubuta: “Ga abin da sakacin maginanmu na gargajiya ya jawo mana.” Mutane suna ta sa maka albarka, wai kai mai kishin tarihi ne.

Magini ɗaya ne yake kula da soron nan, kuma ka san sunansa, domin shi ne a bayan naka. Malam Mamman, ubanka da ubana.

To bari in tuna maka yadda aka yi, tunda Legas ta wanke maka kai.

Shekarun fari ne. Gero ya bushe a gona tun bai fitar da kai ba. Rafin da muke wanki ya zama yashi, mata suna tona rami tun safe su jira ruwa ya tsattsafo su kwashe da ludayi. Aka sayar da jakuna, aka sayar da awaki, aka koma rama da zogale da garin rogo. Itatuwan ɗorawa da yawa aka sare aka kai birni a matsayin itacen girki. Ruwan da ba a samu an sha ba, wa zai kwaɓa ƙasa da shi? Haka aka yi shekara biyu ba a yi wa soron yaɓe ba. Ya tsattsage, ya yi furu-furu, amma yana tsaye da ƙafarsa. Baba ya duba ya ce zai jira mu.

Shi kuma ya tafi birni cin rani, Sarkin Magina guda yana ɗaukar bulo a kai. Kai a lokacin ka samu aiki a ofishin hukuma, kana zuwa da keke da biro a aljihu.

Sai aka aiko cewa manyan baƙi za su zo ganin gine-ginen tarihi, har da Turawa, kuma kai za ka zagaya da su. Kunya ta kama ka. Ba kunyar yunwar da ke fuskokinmu ba, kunyar tsagar bango. Ba ka aika wa Baba ba, alhali motar birni kullum tana tashi. Ka nemo buhunan siminti, ka kawo leburori waɗanda ba su taɓa taɓa ginin ƙasa ba, ka sa aka ɗebo ruwa da tanka a garin da mata ke kwana biyu ba su yi wanka ba. Aka shafe soron tun daga rufi har gindi, aka bi shi da farin fenti. Indararon da ke jikinsa ka ce sun yi ƙauyanci, aka cire, aka sa 'yan siraran bututu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi kyau. Ranar da baƙin suka zo muna leƙe ta katanga, kana gaba kana zuba Turanci kana nuni da hannu, suna gyaɗa kai. Na ji kamar in yi guɗa. Na ce wa matar da ke kusa da ni wancan yayana ne.

Da Baba ya dawo, ko gida bai shiga ba ya wuce tudu. Na bi shi. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya daɗe a haka. Ko ni da ba magini ba na ji ƙarar ta canja, ta zama irin ta ƙwaryar da aka kife. Ya je wurin wakilin hakimi ya roƙi a bar shi ya farfashe simintin kafin damina. Aka yi masa dariya, aka ce tsufa ya zo da hassada, wa ya taɓa ganin an kankare siminti an mai da laka? Da ya yi maka magana a tsakar gida, ka ce masa, “Baba, zamani ya wuce wannan.” Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Rana ta gasa simintin ya yi 'yan tsagogi sirara waɗanda ido ba ya kula da su. Da Allah ya dawo mana da ruwa, ya zo da ƙarfinsa. Bututunka suka kasa ɗauka, ruwa ya kwanta a rufi, ya bi tsagogin ya shige ciki, ya rasa ta inda zai fita. Daga waje soro fari tas, daga ciki ƙasa ta zama kunu, azarar da ke riƙe da rufin tana ruɓewa. Damina ta farko ya jure. A ta biyu, wata Laraba bayan azahar, ina tankaɗe na ji ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina.

Malam Buba mai gadi yana ciki. Ka tuna shi ai, wanda ke ba mu goruba. Baba ne ya tono shi da hannunsa, farcensa biyu suka cire. An samu ransa, ba a samu ƙafarsa ta hagu ba.

Bayan mako guda aka turo masu bincike daga ofishinku, kana cikinsu, kai ne ma mai riƙe da fayil. Aka taru a ƙofar gidan, rabin gari yana tsaye. Aka karanta cewa gyaran da magini ya yi wa rufin shekarun baya ne bai yi ƙwari ba. Ba a ambaci siminti ba, alhali ga ɓaraguzansa fari fat a ƙarƙashin takalmanku. Ina kallonka ta bayan mata. Ka kafa wa fayil ido kamar yau ka fara ganin takarda.

Aka tambayi Baba ko yana da magana. Ya ce, “Aikina ne.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mutane da yawa sun san gaskiya, amma wa zai ja da takardar hukuma, ga shi mai laifin ya amsa da bakinsa? Aka tuɓe masa rawani. Mutumin da ake aiko wa doki daga garuruwa ya je ya ɗaura rufi, ya koma gyaran rumbu da akurkin kaji. Idan aka ambace shi a wurin aiki sai wani ya ce a'a, hannunsa ya mutu. Ya daina bin hanyar tudu gaba ɗaya, ko gona za shi sai ya zagaya ta bayan makabarta. Kai kuwa ba a rufa shekara ba aka yi maka ƙarin girma, ka tafi Kaduna, daga can Legas.

Da ya rasu, sai bayan sadakar uku ka iso. Ka zauna a tabarma kana duba agogo, ka juya kafin la'asar.

Na tsane ka a lokacin, Yaya. Ba wata kalma zan nemo mai laushi ba. Na yi shekaru idan aka ambaci sunanka sai in tashi in shiga ɗaki. Kuma da na ga rubutun nan naka, abin ya dawo mini sabo fil. Shiru da ka yi a gaban jama'a, na ce tsoro ne, kana matashi. Amma yanzu wa kake tsoro? Ka yi ritaya, ka je Makka, ka aurar da 'ya'ya. Babu wanda ya tambaye ka. Da hannunka, cikin sanyin mota, ka sake shafa wa mamaci kashin kaji don baƙi su yaba maka.

Ko kuwa ka maimaita ƙaryar ne har kai ma ka yarda da ita? Wannan ya fi ba ni tsoro.

Yanzu sai abin da ba ka sani ba.

A ciwonsa na ajali, wata safiya ina ba shi kunu, na kasa daurewa na tambaye shi dalilin da ya amsa laifin da ba nasa ba. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, “Da an kori Tijjani, me za ku ci?” Sai ya sa na yi masa alkawari ba zan taɓa faɗa wa kowa ba, har kai. Ya ce shi ya riga ya ci moriyar sunansa, naka ne ke gaba.

Na ajiye kofin na fita bayan ɗaki na yi kuka, domin gaskiya ya faɗa. Bakuna goma sha ɗaya ne a gidanmu a shekarun nan, kuma buhun masarar da kake ɗaurowa a bayan keke duk ƙarshen wata shi ne ya riƙe mu. Ina ganinka har yanzu, kana turo keken daga hanyar Tofa saboda taya ta yi faci, rigarka ta jiƙe sharkaf. Kai ne ke bin layi tun hantsi ka samo mana sabulu da sukari. Idan Inna ta zuba maka tuwo sai ka ce ka ci a ofis, ka tura mini kwanon, ina goyon fari a lokacin. Na san ƙarya kake yi, domin ni na ga ka huda sabon rami a bel ɗinka da ƙusa. Na sani, na kuma cinye.

Ka ga ke nan ni ma da hannuna a ciki. Tuwon da aka saya da sunan Baba, har da ni aka ci, da shi na shayar da ɗana. Shi ya sa na kasa tsanarka yadda nake so. Duk sanda na ɗaura niyya sai in tuna keken nan.

Yau na karya alkawarin da na yi wa mahaifina yana kan gadon mutuwa. Na riƙe shi tun ina da ƙuruciya har haƙorana suka fara zuba. Ban san me zan ce masa ba idan muka haɗu, kuma kai ka jawo mini wannan. Amma shi rufa maka asiri ya ce in yi don ka ci abinci. Bai ce in zauna ina kallo kana zaginsa bayan ka ƙoshi ba.

Malam Buba yana nan da ransa. Ya tsufa tukuf, idonsa ya tafi, yana zaune a zauren ɗansa kusa da masallacin Juma'a. Duk ranar da na bi ta wurin na gaishe shi, da ya ji muryata sai ya lalubo hannuna ya ce, “Hajara, na yafe wa babanki, duniya da lahira.” Da zuciya ɗaya yake faɗa, yana ganin alheri yake yi mini. Ni kuma in ce na gode, in wuce. Shekara da shekaru ina yin godiya a kan yafiyar da ubana bai da buƙatarta.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka aiko direba da ambulan ɗin kuɗi. Ba na kuma son ka goge hoton a ɓoye ka yi kamar ba a yi ba. Ka bar shi, ka gyara rubutun da ke ƙasansa, ka sa sunan wanda ya shafa siminti da sunan wanda ya ce a cire. Sannan ka zo ka durƙusa a zauren nan. Malam Buba ba ya karatu, ba ya riƙe waya, kuma na roƙi jikokinsa kada su karanta masa wannan tukuna. Na fi so ya ji daga bakinka. Idan watan nan ya mutu ban gan ka ba, ni zan je in faɗa masa, kuma ka san ba zan iya faɗa da taushin da za ka so ba.

Ka yi sauri, Yaya, tsohon ba shi da ƙarfi. Na san halinsa, ba zai tashe ka hannu wofi ba. Yafiyar nan taka ce tun farko, a ƙofar da ba tata ba ake ta ajiye ta. Ka zo ka karɓi abarka tun mai bayarwa yana numfashi.

In ka zo, ka sauka a gidana. Ɗakin baƙi na ƙasa ne, amma ba ya yoyo. Zan yi maka miyar kuka da daddawa yadda Inna ke yi, kuma wannan karon kai za ka cinye, ina zaune ina kallo.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da abin da ya bayar ninki ba adadi. Allah ya jiƙan Inna. Allah ya yafe mini alkawarin da na karya. Allah ya ba Malam Buba lafiya da tsawon kwanan da zai ji gaskiya. Kai kuma, ɗan'uwana, Allah ya warware maka harshe, ya sauƙaƙa maka hanya, ya kawo ka lafiya. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka da ke fushi da kai, take kuma sauraron ƙarar motarka,

Hajara, 'yar Malam Mamman magini